Bartolomeo Pagano: Ɗan Dakon Da Ya Zama Sarkin Silima

An haifi Bartolomeo Pagano a shekarar 1878 a Sant'Ilario, kusa da birnin Genoa na ƙasar Italiya. Tun yana saurayi ya shiga aikin dako a tashar jiragen ruwa ta Genoa, yana sauke kaya yana lodi. Ba shi da jari sai ƙarfinsa, ga shi kuwa ƙato, mai faɗin ƙirji.

Yana cikin wannan hali ne kamfanin Itala Film na birnin Turin ya shiga neman ƙaƙƙarfan mutum don wani babban fim da Giovanni Pastrone yake shiryawa mai suna Cabiria. Aka dace da shi a bakin tasha. Fim ɗin ya fito a 1914, lokacin silima ba ta fara magana ba tukuna, sai dai 'yan kallo su karanta rubutu a jikin allo.

Labarin na zamanin yaƙin Rum da Kartaj ne, tsohon birnin nan na kusa da Tunis. Pagano ya fito a matsayin bawa mai suna Maciste, aka shafa masa baƙin launi don ya yi kama da ɗan Afirka. Shi da ubangidansa suka ceci wata yarinya da za a jefa a wuta don tsafi. Aka kama shi, aka ɗaure shi da sarƙa a jikin dutsen niƙa, ya yi shekara goma yana juya shi.

To, ba shi ne babban ɗan wasa ba, amma shi jama'a suka riƙe. Kamfanin ya ga riba, sai ya ba shi fim nasa na kansa a 1915, aka daina shafa masa launi. A 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, ya fito a matsayin sojan kan duwatsu yana fatattakar sojojin Ostiriya. Bayan yaƙi kasuwar silima ta faɗi a Italiya, ya tafi ci-rani Jamus, sannan ya komo Turin ya ci gaba. Kai, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Maciste yake ce masa.

Amma ƙarfi aro ne. Ciwon gaɓoɓi ya kama shi, ya bar wasa dab da zuwan silima mai magana, saboda haka 'yan kallonsa ba su taɓa jin muryarsa ba. Ya koma Sant'Ilario, inda ya gina gida da abin da ya tara. Mutumin da ya yi suna da tsinke sarƙa ya ƙare a keken guragu, ya mutu a 1947 yana da shekara 68.

Daga 1960 wasu ƙarti suka sake ɗaukar sunan Maciste, aka yi ta yin sababbin fina-finai da shi.