Adamu Halilu: Ɗan Majigin da Ya Ɗauki Shaihu Umar

Tun a shekarun 1930 kamfanonin Amurka irin na Walt Disney ke shirya gajerun fina-finan Kirsimeti da na dusar ƙanƙara domin iyaye su kai 'ya'yansu kallo. A ƙasar Hausa, abin da ya tara uba da uwa da yara gaban allo guda shi ne majigi: motar gwamnati ta sauka a fili, a kafa farin ƙyalle bayan magariba, mai sharhi ya riƙa fassara da Hausa ta lasifika, jama'a na zaune cikin sanyin hunturu ba tare da biyan ko anini ba. A wannan makaranta Alhaji Adamu Halilu ya ƙware.

An haife shi a Garkida ta jihar Adamawa ta yanzu a 1936. Ya koyi rubuta labarin fim da tace hoto a Landan da Rum, sannan ya yi aiki a sashen fina-finai na gwamnatin Jihar Arewa. Fina-finan da ya sa hannu a cikinsu sun kai kimanin 70, akasarinsu na wayar da kai, kuma wanda aka fi tunawa shi ne Mama Learns a Lesson na 1963.

Sai dai majigi yana da mai shi. Turawan mulkin mallaka ne suka kafa sashen fina-finansu a 1939 ƙarƙashin William Sellers, tsohon jami'in tsafta a Legas, domin koyar da talakawa abin da hukuma ke so su koya. A Kano kuwa gidajen silima na kuɗi, irin Rex da aka buɗe a 1937, sun yi ƙaurin suna, matar aure mai mutunci ba ta taka ƙofarsu, kuma gobarar silimar El Duniya ta 1951, wadda ta ci rayuka fiye da 300, ta ƙara wa mutane ƙyama. Majigi kaɗai ya samu shiga inda silima ta kasa. Da mulki ya koma hannun jam'iyyar NPC, allon da ke nuna rigakafi da noman auduga shi ne ke nuna Sardauna yana buɗe ayyuka. NEPU ta Malam Aminu Kano ba ta da irin wannan allo. Duk mai son yi wa Halilu adalci dole ya riƙe abu biyu tare: gwanintarsa ta gaske ce, kuma kayan aikin da ya nuna ta da su na masu mulki ne.

Gwanintar ta fito sarari a 1976, lokacin da ya ɗauki Shaihu Umar da harshen Hausa, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa na 1934, shekara goma bayan kashe marubucin. Umaru Ladan, wanda ya mayar da littafin wasan kwaikwayo tare da Dexter Lyndersay, shi ya fito a matsayin Shaihun. Labari ne na yaron da aka sace, da uwar da ta bi sawunsa har cikin hamada ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Bauta ba zance ne mai daɗin ji a fadojin Arewa ba, amma ya ɗora ta a allo tsawon sa'a biyu da 'yan kai. Wannan ya faru shekara 14 kafin Turmin Danya na 1990, wanda matashin Giginyu ko Fagge zai ce da shi fim ɗin Hausa ya fara.

Daga baya ya shugabanci Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979. Ya rasu a 2001.

Shaihu Umar kuwa ya ɓace shekara da shekaru, har aka ɗauka ya salwanta. Sai a 2016 aka gano faifansa. Cibiyar Arsenal ta Jamus ce ta gyara shi, aka haska shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Hukumar da ya taɓa jagoranta tana Jos, tare da ma'adanar fina-finai ta ƙasa, kuma ita ya kamata a tambaya inda gajerun fina-finansa na majigi suke, da ranar da mutanen Kano za su sake ganin su.