MARIGAYI DAKTA SUBBAROW, BAƘON DA YA TOSHE WA CIWON DAJI HANYAR ABINCI

An haifi Yellapragada Subbarow ranar 12 ga Janairu, 1895, a garin Bhimavaram da ke kudancin Indiya. Iyayensa ba masu hali ba ne. Bayan ya yi karatun likita a Madras, sai ya shiga jirgin ruwa ya nufi Amurka, ya sauka birnin Boston, ba dangin iya ba na baba. Da rana karatu a Jami'ar Harvard, da dare kuwa ƙwadago a asibiti don ya samu na sawa a bakin salati. Duk da binciken da ya yi kan yadda tsoka ke samun ƙarfi, jami'ar ba ta ba shi kujerar dindindin ba, sai ya koma kamfanin magunguna na Lederle a 1940.

A can ne shi da abokan aikinsa suka harhaɗa folik asid a 1945, wato sinadarin nan na cikin alayyafo da wake da hanta, wanda ake ba masu juna biyu a asibiti. Kowace ƙwayar halitta ta jiki, kafin ta rabu biyu, dole ta kwafi DNA ɗinta, wato kundin gadonta, kuma aikin ba ya yiwuwa sai da folik. To, ƙwayoyin ciwon daji ba sa hutawa da rabuwa, don haka yunwarsu ta folik ba ta ƙarewa.

Wani likitan yara a Boston, Dakta Sidney Farber, ya lura cewa in aka ba masu sankarar jini magani dangin folik, sai cutar ta ƙara wuta. Nan fa dabara ta faɗo: a ba cutar jabu. Mutanen Subbarow suka haɗa aminopterin, mai kama da folik sak. Ƙwayar cuta na karɓarsa, sai ya toshe mata hanyar sarrafa na gaskiyar, ta kasa hayayyafa. A rahoton 1948, yara 10 cikin 16 sun samu sauƙi na ɗan lokaci. Ba warkewa ba ce, amma ƙofar da ake ganin ta rufe ta buɗe.

Subbarow bai ci gajiyar wahalarsa ba. Ya rasu ranar 8 ga Agusta, 1948, yana da shekara 53. Ƙanen wancan magani, methotrexate, wanda shi ma daga ɗakin bincikensa ya fito, har gobe yana cikin magungunan da ake warkar da yara masu sankarar jini da su, galibinsu kuwa ba su taɓa jin sunansa ba.