Abbas ɗan Firnas: dattijon da ya ɗaura fukafukai ya yi sama

'Yan uwa mazauna Dubai da yawa sun wuce ta gabansa ba su san ko wane ne ba. A kasuwar Ibn Battuta da ke kusa da Jabal Ali, wadda aka buɗe a 2005, ɓangaren Andalus na ɗauke da siffar wani mutum da fukafukai. Wannan shi ne Abbas ɗan Firnas. Ni dai a ganina, duk mai ƙere-ƙere a ƙasarmu ya kamata ya san tarihinsa.

An haife shi wajen shekarar 810 a yankin Ronda, kudancin Sifaniya ta yau, zuriyarsa Barbar ne na arewacin Afirka. Ya yi rayuwarsa a Ƙurɗuba, garin da Imam Ƙurɗubi mai tafsiri ya fito daga baya. A lokacin birnin na hannun sarakunan Banu Umayya, kuma Abbas ya zauna a fadar Abdurrahman na biyu da ta ɗansa Muhammad na ɗaya.

Da waƙa da ilimin taurari aka fara saninsa. Littafin Khalil bin Ahmad kan aruli, wato ma'aunin waƙar Larabci, ya iso Ƙurɗuba ya gagari malaman fada, shi ne ya warware musu shi. Amma fa hannunsa bai san zama ba. Ya gano hanyar yin gilashi daga dutse, ya ƙera wa sarki agogon ruwa, sannan ya mayar da wani ɗaki a gidansa tamkar sararin sama, da taurari da gajimare da walƙiya da tsawa. Abin ya ɗaure wa makwabta kai har aka kai shi gaban alƙali bisa zargin sihiri da zindiƙanci. Aka saurari shaidu, aka sallame shi.

Wajen shekarar 875, ya haura shekara sittin, ya yi abin da ya sa har yau ake ambatonsa. Ya lulluɓe jikinsa da gashin tsuntsu, ya ɗaura fukafukai biyu, ya hau wani tudu a wajen gari, ya saki jiki. Malaman tarihi, cikinsu har da Maƙƙari mai littafin Nafhuɗ Ɗib wanda ya rasu a 1632, sun kawo cewa ya yi tafiya mai ɗan nisa a iska. Wajen sauka ne aka samu matsala, ya bugu a baya ya ji ciwo sosai. Dalilin da aka rubuta shi ne bai yi wa kansa jela ba, alhali tsuntsu da jela yake daidaita jiki ya rage gudu in zai sauka. Wani mawaƙin fada, Mu'min bin Sa'id, ya samu abin yi masa ba'a. Abbas ya rayu shekaru bayan haka, ya rasu a 887.

To, abin da ya fi damuna a labarin nan shi ne abin da ya biyo baya. Mutumin ya gwada, an ga inda aikin ya gaza, har an rubuta. Saura kawai wani almajiri ya ɗauko fukafukan ya ƙara musu jela ya sake gwadawa. Dariya aka yi aka watse. Sai a 1799 wani Bature ɗan Ingila, George Cayley, ya zana jirgi mai tsayayyun fukafukai da jela. Otto Lilienthal na Jamus ya yi ta shawagi da nasa har ya faɗo ya mutu a 1896, amma ya bar lissafinsa a rubuce. Wannan lissafin 'yan uwan nan biyu na gidan Wright, masu shagon keke a Amurka, suka ɗauka suka gyara, suka tashi ranar 17 ga Disamba 1903 na daƙiƙa 12 kacal. Kowa ya ɗora a kan na gabansa.

Mu ma ai muna da irin su Abbas. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota Honda da tarkacen ƙarafa, labarin ya zaga duniya. Kusan duk shekara sai ka ga bidiyon wani yaro da ƙaramin jirginsa a Facebook, a yi ta Masha Allah, wasu su yi ta tsiya, bayan sati guda shiru kake ji. Alhali makarantar koyon tuƙin jirgi da gyaransa tana nan Zariya tun 1964. Kuma jiragen Air Beetle da aka haɗa wa sojojin sama a Kaduna, asalinsu zanen RV-6A ne, wanda aka tsara a Amurka don mutum ya haɗa da hannunsa a garejin gidansa. Ke nan ƙirar gida ba wasan yara ba ce in an bi ƙa'ida.

Yau akwai gada mai sunan Abbas a Ƙurɗuba, an buɗe ta a 2011, akwai mutum-mutuminsa a hanyar filin jirgin Bagadaza, har wani rami a duniyar wata an sa masa sunansa. Duk wannan karramawa bayan shekara dubu ta zo, ba ta amfane shi da komai ba.

Shawarata ga 'yan uwa na nan, musamman masu aiki a filin jirgi da wuraren gyaran injina: in bidiyon irin yaran nan ya zo hannunka, kada ka tsaya a turawa gaba. Nemi yaron, tambaye shi nauyin jirgin da ƙarfin injin, sa shi ya riƙa rubuta kowane gwaji, ka haɗa shi da injiniyan da zai duba aikin tun kafin ya yi gangancin shiga ciki. Allah Ya jiƙan Abbas ɗan Firnas, Ya sa namu yaran su samu masu riƙe musu hannu.