SARKIN HAƊEJIYA BUHARI ƊAN SAMBO: JARUMTAKA DA ABIN DA TA CI

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. A shafinmu na tarihi na bana mun waiwayi sarkin da babu gidan da ba a san sunansa ba a ƙasar Haɗejiya, wato Sarki Buhari. Da yawanmu da ke zaune a Kano da Kaduna da Legas da Abuja, labarin jarumtakarsa kaɗai muka taso da shi. Ya kamata 'ya'yanmu su ji labarin dukansa.

Buhari ɗa ne ga Sarki Sambo, wanda ya hau mulki a 1808, ya mai da Haɗejiya hedikwatar masarauta a ƙarƙashin tutar Sakkwato. Da tsufa ya cim wa Sambo, sai ya yi murabus a 1845. 'Ya'yansa biyu, Garko da Abdulƙadir, suka yi sarauta ɗaya bayan ɗaya, amma babu wanda ya yi tsawon kwana a kai. A 1848 Buhari ya hau gadon, ko da yake tarihin da muka gada ya nuna hankalin tsohon ya fi kwanciya da wani ɗan nasa, Ahmadu. Tun daga ranar nan bango ya tsage.

Ba a daɗe ba sai aka kashe Sarkin Auyo Nalara, ɗan'uwansa na jini, aka kuma ɗora alhakin a kan Buhari. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya aiko Waziri Abdulƙadir ɗan Giɗaɗo zuwa Katagum don a bi bahasi. Ba a daidaita ba. A 1850 aka tuɓe Buhari, aka naɗa Ahmadu. Buhari ya ja da baya zuwa Machina, ya sami goyon bayan Barno, ya tara mayaƙa. A 1851 ya dawo ya karya rundunar Ahmadu, Ahmadu ya rasa ransa a hannun mutanen ɗan'uwansa.

Sakkwato ba ta ƙyale ba. Aka tara runduna daga Kano da Katagum da sauran masarautun gabas, aka nufo Haɗejiya. A Kaffur aka yi karon da har yau ake labarinsa, inda Buhari da jama'arsa, duk da ƙarancinsu, suka watsa wannan taron dangi. Daga nan har ƙarshen ransa Haɗejiya ba ta sake yi wa Sakkwato mubaya'a ba. Ya ci Marma, ya faɗaɗa ƙasa, sunan garinmu ya zama abin shakka daga Kano har Barno. Wannan duk gaskiya ne, ba kuwa mai ƙwace masa shi.

Amma akwai ɗaya fuskar. Hare-haren shekaru goma sha biyu a kan talakawa suka ƙare. An ƙone ƙauyuka, an kwashi mutane bayi, ciki har da Musulmi 'yan'uwa, manoma sun bar gonaki, fatake sun sauya hanya. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya ratsa ta Gumel a 1851 ya kuma sake biyowa a 1854, ya rubuta irin kufai da tsoron da ya tarar a yankin. Kwarin da ke ciyar da jama'a da shinkafa da kifi da kiwo ya zama fagen fama. Maƙwabtanmu na Katagum da gabashin Kano suna da nasu labarin Buhari, kuma ba irin namu ba ne.

Yaƙin da ya ɗaukaka shi, shi ya ci shi. A 1863 ya rasu a yaƙin da ya kai wa Badawa a Gogaram. Ɗansa Umaru ya gaje shi, amma shekara biyu kacal ya yi. Sarki Haru, wani ɗan Sambo, wanda ya yi mulki daga 1865 zuwa 1885, shi ya zauna lafiya da Sakkwato. Magabatan nan sun ga abin da ya faru da idonsu, ba su kuwa so a maimaita ba.

Ba mun kawo wannan don mu tozarta sarki ba ne. Hukuncinsa na wurin Ubangijinsa. Abin lura shi ne, rikicin da ya girgiza daula ya faro ne daga saɓanin 'ya'yan mutum ɗaya, aka rasa mai sulhuntawa tun abin yana ƙarami. A yau ma muna da abubuwan saɓani: siyasa, sarauta, rabon fadama tsakanin manomi da makiyayi da masunci, ga kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ga ambaliya irin ta 2020 da 2022 da ba ta tambayi jam'iyyar kowa ba. Wanda zai shiga tsakani a irin waɗannan, ya tuna Kaffur, ya kuma tuna Ahmadu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya yafe kurakuransu, Ya zaunar da ƙasar Haɗejiya lafiya, amin.