Nana Asma'u Da Rashin Mahaifinta

An haifi Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Ɗegel wajen shekarar 1793. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta tashi tana ɗaukar karatu a gidan mahaifinta har ta naƙalci Larabci da Fillanci da Hausa.

A 1815 Shehu ya taso daga Sifawa ya koma Sakkwato. A nan ne rashin lafiya ya kama shi, ya daɗe yana jinya, har Allah Ya karɓi ransa ran 20 ga Afrilu, 1817. A sa'an nan Asma'u ba ta cika shekara 25 ba.

Da masu gaisuwa suka watse, sai ita da mijinta Waziri Giɗaɗo suka duƙufa wajen tattara littattafan Shehu don kada su salwanta. Ta mayar da waɗansu waƙoƙinsa cikin Hausa, daga baya kuma ta kafa 'Yan Taru, jajoji suna kai karatu ga matan ƙauyuka. Marsiyoyinta kuwa, kamar wadda ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Bello da ya rasu a 1837, cike suke da ambaton kyawawan halaye da addu'a.

Ta rasu a 1864, aka rufe ta a Hubbare kusa da mahaifinta.

To, jama'a, zaman makoki kwana uku ne, amma addu'ar ɗa na ƙwarai da riƙon amanar uba sai ƙarshen rai. Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.