Joseph Pilates: ɗan damben da ya gina salon motsa jikinsa a sansanin tsare baƙi

Matashin da ya ga hoton ajin Pilates a Instagram daga Bici ko Kano zai ɗauka harka ce ta matan masu hali. Tarihin mai sunan bai goyi bayan wannan zato ba. Ɗan dambe ne, kuma ɗalibansa na farko maza ne da gwamnatin Birtaniya ta killace a bayan waya, ba don sun aikata laifi ba, sai don ƙasar da aka haife su.

An haifi Joseph Hubertus Pilates ranar 9 ga Disamban 1883 a Mönchengladbach ta ƙasar Jamus. Mahaifinsa ma'aikacin ƙarfe ne mai sha'awar wasannin motsa jiki. Yadda almajiransa suka ruwaito, ya taso da asma da raunin ƙashi, abin da ya sa ya duƙufa ga dambe da kokawa da alkafura har jikinsa ya murɗe. Gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tafi Ingila neman abinci, yana dambe, yana wasan nuna bajinta a gaban 'yan kallo.

Da yaƙi ya ɓarke a 1914, kowane Bajamushe da ke Birtaniya ya zama abin zargi. Aka fara tsare shi a Lancaster, daga baya aka kai shi Knockaloe da ke tsibirin Man, sansanin da ya taɓa ɗaukar mutum fiye da 20,000. Zaman kashe wando ne na shekaru: cunkoso, sanyi, ga damuwa mai cin rai. A nan ya riƙa tara 'yan uwansa fursunoni yana koya musu atisayen da ba ya bukatar fili ko kayan ɗagawa, sai wurin da mutum zai miƙe a ƙasa.

Tunaninsa mai sauƙi ne. Ƙarfin mutum daga tsakiyar jiki yake fitowa, wato tsokokin ciki da na ƙugu da waɗanda ke riƙe da ƙashin baya. Idan suka yi rauni, nauyin duk abin da aka ɗauka sai ya faɗa kan gadon baya. Don haka ya fifita motsi a hankali, sau kaɗan amma daidai, tare da sarrafa numfashi, babu tsalle balle bugun da ke cinye gwiwa. Duk wanda ya kalli dambe bayan kaka ya san gaskiyar wannan: naushi daga ƙugu yake tasowa, hannu isar da saƙo kawai yake yi. Haka manomin da ya wuni a sunkuye da fartanya, ko direban da ke zirga-zirga a hanyar Kano zuwa Katsina, ba damtse ne ke fara gaza musu ba, baya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma shi ne kan gaba wajen nakasa mutane a duniya.

Bayan yaƙi ya koma Jamus, ya horar da 'yan sanda a Hamburg, sannan a 1926 ya yi ƙaura zuwa Amurka. A cikin jirgin ruwa ya haɗu da Clara, wadda ta zama abokiyar zamansa da aikinsa. Suka buɗe ɗakin horo a gida mai lamba 939, titin Eighth Avenue a New York, inda ya girke na'urorin da ya ƙera, ciki har da Reformer, wani gado mai zamewa da ake ja da sifirin. Ya raɗa wa tsarinsa suna Contrology, ya kuma wallafa littafi a 1945 mai ɗauke da atisaye 34 da ake yi a kan shimfiɗa.

A nan ne labarin ya sauya fuska. Manyan malaman rawa irin su George Balanchine da Martha Graham suka riƙa turo masa 'yan rawar da suka ji rauni, kuma daga cikin waɗannan ne akasarin magadansa suka fito. Sannu a hankali aka manta da ɗan dambe da fursunoni, aka bar wa mata fagen.

Bai kamata a mai da shi waliyyi ba. Mutum ne mai zafin kai da cika baki, wanda ya yi imani tsarinsa zai gyara lafiyar bil'adama baki ɗaya, ya kuma ji haushin yadda likitoci suka ƙi kula shi. Binciken zamani ya ba shi rabin gaskiya: nazarin da cibiyar Cochrane ta fitar a 2015 ya nuna salon yana rage ciwon baya idan aka kwatanta da zama haka nan, amma bai tabbatar ya fi sauran nau'o'in motsa jiki ba. Shi kansa mashayin sigari ne na gaske, kuma cutar huhu ce ta yi ajalinsa ranar 9 ga Oktoban 1967, yana da shekara 83.

Clara ta ci gaba da riƙe ɗakin horon na wasu shekaru. A shekarar 2000 wata kotun tarayya a New York ta yanke hukuncin cewa kalmar Pilates sunan salon motsa jiki ne na kowa da kowa, babu kamfanin da zai mallake ta.