Malam Abdullahin Gwandu, Malamin Masu Mulki

Mu 'yan Bagudo a ƙarƙashin masarautar Gwandu muke, shi ya sa muka zaɓi tarihin Malam Abdullahi, ƙanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. An haife shi wajen 1766. Ana tsakiyar jihadi ya ga wasu shugabanni sun koma neman dukiya da sarauta. Ransa ya ɓaci, ya kama hanyar Makka. Da ya isa Kano, mutanen garin suka roƙe shi ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Sai ya zauna ya rubuta musu littafin Diya'ul Hukkam, wato hasken masu mulki, ya kuma karantar da su tafsiri. Makkar da bai kai ba ke nan. Ya komo gida, daga baya aka ba shi riƙon yammacin daula. Ya rasu a Gwandu a 1829. Allah ya jiƙansa.